Tsohon da Ke Gangarowa da Baya

Yau ake zaɓen malaman zamiyar ƙanƙara da za su shiga tawagar ƙasa. A layin samarin da ke saman gangaren dutsen Ukaimedin, kusa da birnin Marrakesh, masu tabarau kamar idon ƙuda, akwai wani tsoho mai lamba goma sha bakwai. Ban san sunansa ba. Ya tattare jallabiyarsa ta ulu ya ɗaure a ƙugu da igiya. Katakon zamiyarsa ɗaya ja ne, ɗaya shuɗi, kuma shuɗin ya fi tsawo.

Ana busa masa usur, sai ga shi yana gangarowa da baya! Ƙeyarsa na kallon teburin alƙalai da ke tsakiyar gangaren, hannuwansa a miƙe kamar yana riƙe da wani. Ina jin shekara talatin ya yi yana jan matsoratan ɗalibai daga Marrakesh a haka, suna salati yana lallashi, har ya manta ana iya fuskantar gaba.

Babban alƙali, mai teɓa da takalmin ofis, ya dire kofin shayi.

"Baba, zaɓen ƙasa ake yi, ba raino ba! Juyo mana!"

Tsohon ya tsaya cak. "Sidi, ranka ya daɗe, in na juyo, wa zai kalli ɗalibin?"

Alƙalin ya tako don ya karɓe lambar, santsi ya kwashe shi. Kafin ya kai ƙasa tsohon ya cafke hannuwansa biyu.

"Lanƙwasa gwiwa, ɗana. Kar ka kalli ƙafarka, ni za ka kalla."

Ga su can suna gangarawa, tsohon da baya, alƙalin yana ta salati.