Kafin Mama Ta Ce Amin

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta wata Alhamis a Fadan Kaje ba, ranar da wata dattijuwa ta warware mini matsalar da ta hana ni sakat har mako uku.

Lokacin na baro Kaduna na dawo gida Kafanchan, ina haɗa manhajar karanta labarai a waya. Aikinta ta sauko da labaran noma, farashin citta da sanarwar ƙungiya, mutum ya karanta ko babu netwok. Ban gama ta ba, ta gwaji ce. Kawuna, shugaban ƙungiyar manoman citta a Fadan Kaje, shi ya tsaya mini aka sa ta a wayoyin mambobi. Ba a jima ba ƙorafi ya fara: labarai ba sa sauka, ɗan layin da ke nuna saukarsu sai rarrafe yake yi. Ran Litinin kawu ya kira ni, murya a sanyaye. "Lahadi bayan sujada za mu zauna. Sun ce in bai gyaru ba a cire shi kowa ya huta. Ni kuma ba ni da sauran bakin kare ka."

Kai, raina ya ɓaci! Ni mai saurin hawa ne, ga shi lokacin ina ji da kaina. A shagona, kafin ka ƙifta ido komai ya sauka. Na rage nauyin hotuna, na canza wurin ajiye labaran, na gwada layin waya uku. Har Kagoro na hau mashin na je gindin dutse inda netwok ke wahala, nan ma suka sauka, a hankali dai amma suka sauka. Sai na yanke hukunci cewa laifin tsofaffin wayoyinsu ne. In na tuna yadda na riƙa faɗin haka da ƙarfi, har yau kunya nake ji.

Ran Alhamis na tafi in nuna wa kawu ya gani da idonsa, na tarar ya tafi gona. Maƙwabciyarsa na samu, wata tsohuwa 'yar zumuntar matan coci, tana shanya yankakkiyar citta a tsakar gida. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, ta ce, "Kai ne mai abin wayan nan? Ɗana, abin ka bai da gudu sam. Ina neman farashi, shi yana ba ni labarin wancan wata."

Na miƙa hannu na ce, "Mama, kawo in duba."

"A'a! Waya na bai shiga hannun kowa. Ku 'yan boko kuna shanye data. Zauna ka gani."

Na zauna ina cika ina batsewa. Ta goge hannu a zani, ta kunna data, ta buɗe manhajar, sannan ta rufe ido leɓunanta na motsi. Layin ya kama tafiya, bai ko kai rabi ba sai na ji "Amin". Ta buɗe ido ta kashe data.

"Haba Mama, ai bai gama ba!"

"Haka muke yi. Addu'ar Ubangiji ɗaya, wanda muke yi a coci, ka ce amin ka kashe. Data ba ruwan rafi ba ne. Mu a zumunta muka koya wa juna, har mazan mu sun ɗauka."

Nan na gano inda matsalar take. Manhajata daga labari mafi tsufa take farawa, da hotunansa duka, kuma in data ta yanke kafin ta gama, sai ta zubar da abin da ta samu ta koma farko. Kullum sababbi na ƙara taruwa a bayan tsofaffi. Ni kuwa duk gwajin da na yi, ban taɓa kashe data ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Mama, don Allah ki sake yi da ƙarfi, zan duba agogo." Ta yi dariya har da tafi. "Yau addu'a na za ka auna? To ka sani da Hausa nake yi. Da yaren mu ya fi tsawo, sai data ya ƙare." Sau uku ta yi mini, ba ta ƙosa ba.

Juma'a da Asabar na juya aikin gaba ɗaya. Farashi ya fara sauka, sai rubutun sababbin labarai, hotuna su zo a ƙarshe, kuma in an yanke ta ci gaba daga inda ta tsaya. Duk gyaran da na yi sai in kunna data in rufe ido in yi addu'ar. Mai shagon kusa da ni har ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ran Lahadi na sabunta musu manhajar a harabar coci. Mama ce ta miƙe ta ce a gwada irin yadda aka saba. Kowa ya kunna, aka yi addu'ar baki ɗaya. Da aka ce amin ta ɗaga waya ta karanto farashin kasuwar jiya da ƙarfi, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Kawu ya cire hula ya share fuska. Ba wanda ya sake ta da maganar cirewa.

Na kai mata goron godiya, ta ce in je Allah ya yi albarka, in daina zagin wayoyin mutane. Abin da na koya shi ne, kada in taɓa gyaran abu sai na zauna na ga yadda mai shi ke aiki da shi a hannunsa. Da ta ba ni wayar nan ranar, da na bar data a kunne, labarai su sauka, in tafi ina ganin ni ne mai gaskiya. Allah ya saka wa Mama da alheri da ta hana ni.