Fitilar da Na Kira Leza

Ni gyaran waya na koya, ban taɓa taka makarantar likita ba. Ina da ɗan shago a Nasarawa, ina samun na cefane, ba wanda nake ɓuya wa.

Wata rana wani ya kawo mini fitila mai jan haske in gyara, bai dawo ba. Lokacin zancen leza ya cika gari, wai na'ura ce mai goge tabon ƙuraje da baƙin fuska. Da wasa na haska wa wata maƙwabciyata a kumatu, na haɗa mata da man bilicin. Bayan sati biyu ta yi fari, ta kawo ƙawayenta uku. Na sayi farar riga, na ja labule a bayan shago. Aka fara ce mini Dakta, ban hana ba.

Na san fitilar ba ta aikin komai. Man ne ke ɗaye fata.

Ana haka Rifkatu ta zo. Zabiya ce mai farar fata, tela a Kakuri, 'ya'yanta biyu. Wani tabo ne a kunnenta ya ƙi warkewa. Ta ce, "Dakta, ko dai in je asibiti?"

Na ce, "Madam, can yanka ki za su yi. Zama shida kawai, leza za ta cinye shi."

Wata bakwai tana zuwa. Tabon yana girma, yana zubar da jini, ina ce mata dafin ne ke fita. Da mijinta ya gaji ya kai ta asibiti, aka ce ciwon dajin fata ne, kuma an makara. Aka yanke kunnen da gefen kumatu.

A kotu ta zauna da mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ai na tambaye ka."

Shekara uku na yi a gidan yari. Da na fito na je Kakuri neman gafararta, na tarar da wani a shagon ɗinkinta. Ba wanda ya san inda suka koma. Na tuba ga Allah, amma hakkinta yana wuyana, kuma na gaji da ɗaukarsa.

Samari, ban fara da niyyar cutar kowa ba, daɗin suna ne ya ja ni. Mai tabo a fata, ku tura shi wurin likitan gaske. In aka tambaye ku abin da ya fi ƙarfinku, ku ce, "Ban sani ba." Da na faɗi haka, da Rifkatu tana da kunnenta.