Baƙin Allon da Na Je Ɗaukowa Kpalimé

Sule, ƙanin mijina, ya ce sarauniyar babbar amyata ta mutu, kuma ya faɗa ne don ya san ba ni da idon ƙaryata shi. Amyoyina suna gonarsa ta bayan Tsévié, kusa da nasa. Ya ce ran Juma'a zai juye ƙudan zumana cikin tasa amyar, wai kafin su watse. Na buɗe na duba da kaina. To, allon robar da ƙudan ke gina saƙarsu a kai rawaya ne, ƙwan sarauniya kuma fari ne ɗan mitsitsi, ni kuwa ko zare sai an zura mini a allura. Wata mai sayar da zuma ta ce in je Kpalimé wurin wata mata da ake kira Da Afi, tana da allo iri-iri.

Daga Zongon Lomé

Ran Talata ina idar da Asuba na sha koko a tsaye, na tare zem. Mai babur ya ga hular raga ta leƙo daga jakata.

"Mma, biki za ki da wannan?"

"Kamun ɓarawo za ni. Ja mu je."

A tasha na samu gidan gaba a bas. Duk allon gari da muka wuce sai na karanta shi da ƙarfi: Noépé, Kévé. Ina da jikoki na shiga ajin manya, don haka ba na barin harafi ya wuce ni a banza. Direba ya ce yau bai ga amfanin rediyo ba.

Bayan Kévé jandarma ya tsayar da mu, ya zaro daga jakata gwangwanin da nake busa wa ƙudan zuma hayaƙi yana jujjuyawa, yana tambaya da Faransanci. Na karɓa na matsa masa sau ɗaya, tsohuwar toka ta bulbulo kan rigarsa. Motar duka ta ɗauki dariya, har shi. Ya kaɗa hannu muka wuce.

Kpalimé

Dutsen Agou ya bayyana, iska ta yi sanyi, kafin Azahar ina ƙofar Da Afi. 'Yar Ewe ce, ta girme ni kaɗan, da yaren Mina na kasuwa muka yi magana. Ta shimfiɗa alluna uku a kan benci.

Na farkon fari ne tsirara, babu kaki. Ta ce, "Wannan ya fi araha, amma ƙuda ƙyamarsa suke. Sai su gina saƙa a karkace, ko su kwashe su bar miki akwati."

Na biyun rawaya ne, irin nawa. Ta ce a bene na sama, wurin zuma, ba shi da laifi. Ta sa na shafa ramukansa da yatsa, ta ce akwai masu manyan ramuka da aka yi don ƙudan Turai, namu ƙanana ne, in kula.

Na ukun baƙi ne wuluk. Na ce, "Wannan kamar gindin tukunya?"

"Sa hularki, ƙanwata."

Muka gangara bayan gida ƙarƙashin itatuwan koko. Ta busa hayaƙi, ta zaro saƙa ɗaya da aka gina kan baƙin allo daga tsakiyar amya, ta juya ni na ba rana baya. Na leƙa. A gindin kowane rami ga abu fari tsaye, kamar an tsinke ƙwayar shinkafa an dasa. Ƙwai! Rabon da in ga ƙwan sarauniya da idona tun kafin rasuwar maigida. Na yi ta nunawa ina dariya cikin raga har wani ƙuda ya harbe ni a wuyan hannu, ban ma ji haushi ba.

Ta ce baƙin yana da sharaɗi: kada in bar shi a rana, kuma kakin da kamfani ya shafa masa bai isa ba. Da yamma muka narka kakin amyarta a gwangwanin tumatir, muka bi baƙaƙen allunan da na saya ɗaya bayan ɗaya da soso. Ta ƙara mini guda da ƙudanta suka riga suka gina, ramukan wayam.

"Sa shi a tsakiya. In sarauniyarki tana raye, ba za ta bar shi babu ƙwai ba."

A gidanta na kwana. Ta daka fufu da miyar gyaɗa da kifi, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri.

Komawa

Ran Laraba na rungumo kwalina a cinya har Lomé, ban yarda an ɗora shi bisa mota ba. Kafin in shiga gida na tsaya wurin mai kayan ƙarfe na sayi sarƙa da kwaɗo.

Washegari rana ba ta gama fitowa ba ina gonar. Sule ya iske ni na buɗe babbar amyar.

"Yaya, wahalar me kike ba kanki? Na ce miki ta mutu."

Na zura baƙin allon nan mai ginanniyar saƙa a tsakiya, na mayar da murfi, na zagaya sarƙa, na danna kwaɗo. Na ƙulle mabuɗin a bakin zanina.

"Juma'arka ta koma Lahadi, Sule. Ka zo da idonka, ni ma zan zo da nawa."