Lemun Tsami a Rabin Duro

Ragowar ruwan da yake yayyafa wa kayan guga, Baba Mai Guga ba ya zubar da shi. Kowace safiya sai ya kai wa lemun tsaminsa da ke cikin rabin duro a bakin ƙofar ɗaki. Marigayiya matarsa ce ta shuka shi shekarar da suka kama hayar ɗakin, ta kuma hana a sa shi a ƙasa.

"Nan ba namu ba ne, Malam. Bari mu samu namu gidan, sai mu dasa shi."

Gidan bai samu ba. Duk zaɓe sai a kafa allon gidajen talakawa a bayan gari, su je su tsaya suna kallo, ita tana nuna inda lemun zai zauna. Allunan suka yi tsatsa. Ita ta tafi, lemun ya yi ta fure.

Da mai gidan ya rasu, ɗansa ya tarar doka ta hana ƙara wa tsohon ɗan haya kuɗi, amma ba ta hana a tashe shi don gyara ba. Sai ga gyara ya taso.

Ranar tashi, 'yar Baba ta zo da mai kura. Aka ɗora katifa da dutsen guga, aka zo kan duron. Suka ja, suka girgiza, ko motsi. Mai kura ya durƙusa ya leƙa, ya fashe da dariya.

"Baba, ai wannan ya riga ka zama ɗan gida! Gindin duron ya ruɓe, saiwa ta shige ƙasa. Sai dai a datse."

"In an datse zai rayu?"

"Ban yi maka alkawari ba."

Baba ya daɗe yana shafa ganyen, ƙamshin na kama yatsunsa. Ashe lemun ma ya gaji da jira.

"Ku bar shi."

"Baba, masu gyara za su sare shi fa," in ji 'yar.

"Wataƙila. Amma ba da hannuna ba."

Ya koma ɗakin. Ba komai sai ƙusoshi a bango da tabon gawayi a siminti. Ya ɗauki kwanon yayyafin daga kan taga, ya miƙa wa maƙwabciyarsa da ke tsaye a ƙofa.

"Da safe, Maman 'Yan Biyu. Ba ya son ruwa da yawa."

Ya gyara zaman hularsa, ya fita.