Kwalaben Baba

Ina shanyar albasa a Goronyo wani masunci da ya fito daga Wurno ya yi sallama, ya ce, "Hajo, sai haƙuri. Malam Buhari ya cika." Na yi salati, na zauna a ƙasa. Mahaifina ke nan, wanda gari ke kira Malam Mai Tsila. Da tsokana aka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya riƙe shi kamar rawani.

Tsila ita ce doguwar farar tsutsar nan da ke zama a ciki tana cinye abincin mutum. A ƙasarmu in ta fita, kunya kan sa a binne ta nan take, a ce an warke. Baba bai yarda da haka ba. Yakan wanke ta, ya sa a kwalba da ruwan gishiri, ya jera a zaure. Akuyarsa ya sayar ya sayi wani madubi mai girmama abu a hannun fataken Larabawa na Gadamus. Da shi yake nuna wa ɗalibai gaɓoɓinta da ɗan kan nata, wanda bai kai ƙwayar gero ba amma yana da bakuna huɗu. Yakan ce, "Tsawonta ba shi na magana ba. Kai mu ka biɗa. In kan ya tsaya ciki, sai ta sake tohowa."

Na ga gaskiyar wannan a kan ɗana Sanda. Yana ƙarami ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, na fara fid da rai. Aka ba shi magani, tsutsa ta fita, surukata ta binne ta, aka yi murna. Da Baba ya ji, ya hau jaki ya taho. Ya ce mata, "Goggo, ina kunka sa ta?" Ta ce, "Malam, mi za ka yi da ƙazanta?" Dattijo da furfurarsa ya durƙusa bayan ɗaki, ya tone, ya tace ƙasar da ruwa, ya duba. Babu kai. Ya daka 'ya'yan kabewa, ya dafa ɓawon saiwar rumman, ya ba Sanda, ya ce ba ya komawa sai ya gani da idonsa. Ranar da ya gani, ya ɗaga madubin yana dariya da hawaye: "Ga kan, Hajo! Yanzu ki yi guɗa!"

Da na isa Wurno an riga an kai shi, na tarar 'yan'uwa sun fito da kwalaben za su zubar, wai kada masu ta'aziyya su gani. Kafin in buɗe baki wani mahauci daga Rabah ya ce, "Ku aje! Wagga tawa ta." Wani makiyayi ya nuna tasa. Sai Sanda, da ke karatu wurin Baba, ya matso, ƙato yanzu, ƙasar kabarin kakansa ba ta bushe a hannunsa ba. Ya ɗauki tasa da madubin, ya mayar da su zaure, ya ce wa ɗalibai gobe akwai karatu. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna makoma. Allah Ya ba Inna da mu haƙuri. Ya ba Sanda idon kakansa, kada ya ce wa kowa ya warke sai ya ga kai.