Dakarun Garinmu Da Ba Su Cikin Littafi

Ranar Litinin ta ƙarshe kafin hutun damina, shekarar da nake aji biyar, Malam Sabo mai koya mana tarihi ya cika allo da sunayen sarakuna ya ce mu kwafa. Na ɗaga hannu na ce kakanninmu ma sun yi yaƙi a zamanin sarakunan nan, dakaru ne masu tafiya a ƙasa. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya rufe. "Hauwa, ba su a nan. Abin da ba a rubuta ba, ba zan koyar ba." 'Yan aji suka yi dariya, wata ta ce ashe mu jikokin marasa doki ne. Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Na tarar da kakana, Baba Ɗanjuma, a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Na faɗa masa, bai ko ɗago ba. "To, ke ki rubuta mana," ya ce.

A haka hutun ya tafi. Da safe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in zuba wa awaki dusa, sannan in ɗauki kunun Baba in bi shi gona, littafina a ɗaure cikin zani. Ƙawayena su yi ta kirana wasan carafke, ban zuwa. Yana noma yana magana, ni ina tsugune a kan kunya ina rubutu. Ya ce tun kafin jihadi, kowace unguwa a ƙasarmu takan ba da mazaje bayan girbi, su taka kwana uku zuwa birni da guzurin gumba, su tsare ƙofa guda ta ganuwa. Kashi uku ne: 'yan baka, masu mashi, da masu garkuwar fata da ke tsayawa a gaba. Mu daga na gaban muka fito. Shekarar da aka ci su da yaƙi a bakin kogi, mahaya suka juya, dakaru suka tsaya har rana ta faɗi, waɗanda suka tsira suka dawo da raunuka suka kama noma. Yakan jero sunayen shugabanninsu, ya manta, ya dafa fartanya, ya sake daga farko. Ruwa ya taɓa jiƙa mini shafi shida, na sake tambayarsa duka.

Da aka koma makaranta na miƙa wa Malam Sabo littafin. Ya karanta a tsaye, sannan ya ce in fito gaban aji in karanta. Asabar ɗin da ta biyo ya zo gidanmu a keke, ya cire takalmi ya zauna gaban Baba. Sai dai ba mu gama ba. Baba ya rasu a lokacin kaka, kafin mu kai ga masu mashi.

Yanzu ina Dubai, ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano takalma da jakunkuna a kasuwar Naif. 'Ya'yana sun haddace tashoshin jirgin ƙasa na metro, amma ba su taɓa ganin kunyar gero ba. Duk Juma'a in na shiga jirgin ruwa zuwa unguwar Bur Dubai, nakan kira Gwaggo Tabawa, 'yar autar Baba, wadda yanzu jinta ya ragu. In na tambaye ta sunayen dakarun, yawanci sai ta ce ta manta. Makon jiya, injin jirgi na ƙara, ta ce, "Tsaya, 'yata. Akwai wani Gambo cikin masu mashi, da ɗingishi ya dawo." Ba takarda a jakata, na rubuta shi a tafin hannuna. Da sauran sunaye da yawa, kuma ba zan daina kira ba.