Wasan Taubasai da Tambayar Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Sani, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a wata firamare a Malumfashi. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan tuna shi da kewa. Bana kuwa da kunya nake tuna shi.

Yaya ba mai duka ba ne, kuma ba ya hana yara tsokanar juna, don shi kansa gwanin ba'a ne. Amma idan aji ya kwashe da dariya a kan wani yaro, aka ce masa wasa ne, sai ya ajiye alli ya tambaya: "To, shi ma ya yi dariyar?" Idan bai yi ba, wasa ya ƙare ke nan. Mu a gida har zolayarsa muke yi da wannan tambaya, muna kiransa alƙalin dariya.

Ya bar ɗa guda, Nasiru, yana ɗan shekara shida. Da ya isa shiga sakandare na ɗauko shi daga Gozaki, wurin dangin uwarsa, na kawo shi gidana a Funtua, na haɗa shi makaranta ɗaya da ɗana Kabiru. Nasiru yana da in'ina, kalma takan maƙale masa sai ya yi fama kafin ta fito. Kabiru kuwa ya iya kwaikwayo kamar me. Ɗan mace da ɗan namiji ai taubasai ne, abokan wasa tun kaka da kakanni, wa zai ce don me? Idan Kabiru ya kwaikwaye shi a tsakar gida kowa sai ya dara, ni ma ina cikinsu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaran makaranta suka ga ɗan'uwansa ma yana yi, suka ɗauka. Wani ya naɗi muryar Nasiru a waya yana karatu a gaban aji, aka yi ta turawa. A zamanin Yaya dariya takan tsaya a bakin ƙofar aji, yanzu kuwa tana bin yaro har cikin ɗakinsa. Nasiru ya daina ɗaga hannu a aji, ya daina magana a gida. Ni kuma ina ta yabonsa wurin maƙwabta, wai yaro mai kunya da natsuwa.

Da ya je hutu Gozaki sai ya ƙi dawowa. Na bi shi da faɗana a baki, na same shi a gonar kawunsa suna ɓare masara. Na ce, "Haba Nasiru, kan wasa za ka bar karatu? Kabiru fa taubashinka ne."

Ya daɗe yana kokawa da maganar, kuma ranar ce na fara jira har ya ƙarasa ba tare da na ƙarasa masa ba.

"Gwaggo, kin taɓa ganin na yi dariyar?"

Na zauna a kan tarin ɓawon masara. Yaron nan bai taɓa zama a ajin ubansa ba.

Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin wayar za ta fi ba shi mamaki. Abin da zai tambaya shi ne yadda aka yi ƙanwarsa, wadda ta fi kowa sanin tambayar nan, ba ta yi ta ba ko sau ɗaya a gidanta. Laifi tudu ne. Na sha tsayawa a taron iyayen yara ina sukar malamai kan cin zali, alhali daga tsakar gidana abin ya fita.

Na je makarantar, malamin ajinsu ya zauna da yaran, an goge abin da aka naɗa. Kabiru ya bi ni Gozaki ya ba da haƙuri yana hawaye. Nasiru ya ce ya yafe, amma bai ce zai dawo ba, ni kuma ba ni da bakin matsa masa. Kayan makarantarsa suna nan a wanke, a goge.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Tambayar nan ce gadonsa, kuma ta isa hannun mai ita. Allah Ya ji ƙanka, Yaya Sani. Amanar da ka bar mini tana gona, ina jiran ta amsa.